Albashi Gwargwadon Tsawo

Ku gyara zama ku ji labarin wani bawan Allah da ake ce wa Auta. Ba mugu ba ne, wannan kam a ba shi haƙƙinsa. Cutarsa ɗaya ce tak: duk abin kirkin da ya faru a kusa da shi, to shi ya yi. In matar maƙwabci ta sauka lafiya, shi ya ba da shawarar asibitin. In aka yi ruwa, tun jiya ya faɗa, ku ne ba ku ji ba.

Yayarsa ce ta goya shi, kuma har ya yi furfura a gemu ba ta gama sauke shi ba. Mijinta ya rasu ya bar mata kamfanin katifa, haɗe da wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta ƙwararru da kullum ita ke ƙarshe a gasa. Da ta gaji da ganin Auta a kamfani yana koya wa masu ɗinkin katifa ɗinki, sai ta naɗa shi manajan ƙungiyar. Ta ce a ranta, wanda ke ƙasa ba inda za a ƙara kai shi.

Sai ga shi a bana abu ya juye. Koci, wani dattijo mai sanƙo da zafin baki, ya tattaro 'yan wasan da sauran ƙungiyoyi suka yar, ya haɗa su, suka fara ci. Suka ci, suka sake ci, har masu sharhi a rediyo da suka rantse yaran nan ne za su zo na ƙarshe suka koma tari in an zo maganarsu. Kowa kuma ya san inda abin yake. Akwai wani guntun ɗan wasa da ake kira Allura, saboda ba ƙofar da ta yi masa ƙanƙanta. In ƙwallo ta shiga hannunsa, kafin ƙattin can su sunkuyo su neme shi, ya wuce, ya miƙa wa wanda ya dace, maki ya shiga.

Auta kuwa yana kan kujerarsa mai juyawa yana karɓar 'yan jarida. "Ai tsari ne," yake ce musu. "Ni ba na son yabon kai, amma ku tambayi kowa." Abin da ke cin ransa shi ne, in sun fita sun tambaya, sunan Koci da na Allura suke bugawa. Shi ko a gefen hoto, sai dai a ga kafaɗarsa.

Ran nan Yaya ta kira shi falonta. Ta ce, "Auta, kwantiragin yaran nan zai ƙare da ƙarshen kakar wasa. Kowa zai nemi ƙari, kuma sun cancanta. Hukumar gasa kuwa ta yanka wa kowace ƙungiya iyakar abin da za ta kashe a albashi, ba a tsallakewa. Ka zauna da Koci ku duba wa za a ƙara wa, wa za a riƙe, wa za a sallama."

"Da Koci? Yaya, wannan fa aikin ƙwaƙwalwa ne."

"Shi ya sa na ce ka zauna da Koci."

Bai ji wannan ba, kunnensa ba ya ɗaukar irinta. Ita kuma washegari ta yi doguwar tafiyar sayen soson katifa, ta bar shi da ƙungiya.

Auta ya shiga zauren wasa ba kowa, ya tsaya a ƙarƙashin kwando, ya ɗaga kai yana kallo har wuyansa ya ƙage. Can sai ya tafa hannu. Ya wuce kai tsaye shagon tela maƙwabcinsa ya ce a ara masa tef ɗin awo.

Tela ya ce, "Wando za ka ɗinka, Manaja?"

"Ƙungiya zan ɗinka."

"To in ka gama ka dawo min da abina, kayan mutane na jira."

Da safe ya tara 'yan wasa a ɗakin canja kaya, ya hau benci don kowa ya gan shi. Ya ce, "Tambaya ɗaya zan yi. Kwando a ina yake?"

Wani ya ce, "A fili."

"A sama yake! To wa ya fi kusa da shi? Dogo. Wanda ya fi kusa da kwando shi ya fi kusa da maki, wanda ya fi kusa da maki shi ya fi kusa da kuɗi. Daga yau albashi gwargwadon tsawo. Kowane wata awo, kowane inci da farashinsa. Ba son kai, ba sanayya, tef ba shi da ɗan'uwa."

Koci ya shafa sanƙonsa. Ya ce, "Kash, da mun sani da raƙumin dawa muka ɗauko."

"Na yi tunaninsa," in ji Auta. "Hukuma ce ba za ta yarda ba."

Allura ya ɗaga hannu daga baya, sai da aka matsa aka gan shi. "Manaja, ni fa?"

"Kai ma za a auna ka, ɗana. Ba wanda za a zalunta."

"Amma makin da muka ci..."

"Maki ya wuce. Tsawo yana nan."

Ranar awon farko kowa ya zo ya ƙaru. Wani ya sa safa kan safa har takalmin ya ƙi ɗauruwa. Wani ya cusa soson katifa a ƙarƙashin dunduniya yana tafiya yana lilo. Wanda kullum kansa ƙwal, ran nan ya zo da gashi tsiri guda wanda ba wanda ya san lokacin da ya tsiro. Auta ya ce shi ba a yi masa wayo. Ya sa aka tuɓe takalma, ya aika aka kira mai aski, ya ɗauko tiren shayin ofis yana danna wa kowa a ka yana ja wa bango layi da alli.

Layin da ya fi kowanne nisa na Falwaya ne, wani zanƙalelen yaro mai sanyin hali da tun farkon kaka bai tashi daga benci ba sai in zai miƙa wa wani tawul. Shi ya tashi da albashin da ya fi na kowa. Ya yi ta kallon layinsa yana cewa, "Ikon Allah. Inna ta ce wata rana zai yi amfani." Na Allura kuwa sai da Auta ya durƙusa kafin ya ja shi, kuma abin da ya faɗo masa bai kai na direban motar ƙungiya ba.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Sai mai tausar ƙungiya, wanda bakinsa ba ya riƙe komai, yana murza wa wani cinya ya ce, "Ai mutum ya fi tsawo da safe in ya tashi daga barci. Tsayuwa da gudu da tsalle su ke danne ƙashin baya, kafin yamma ka rage." Gaskiya ya faɗa, amma ba kowace gaskiya ake faɗa a ɗakin da ake sayar da inci ba.

Ranar awo na biyu ba wanda ya zo da ƙafarsa. Wannan matarsa ta tuƙo shi yana kwance a kujerar baya, ƙafafu ta taga. Wancan ƙannensa suka shigo da shi a kan ƙyauren ɗaki, har mai gadi ya cire hula ya fara salati. Falwaya kuwa a bayan motar kai katifa ta kamfanin Yaya aka kawo shi, shimfiɗe kamar kayan da aka yi oda. Kowa sai an jawo shi har gindin bango zai miƙe, ya riƙe numfashi, a danna tire, sannan ya saki.

Atisaye ya zama abin tausayi. Koci ya busa usur ya ce a yi tsalle, sai a ɗaga dunduniya kaɗan a mayar.

"Ku yi tsalle, 'ya'yan nan!"

"Koci, iyali gare mu."

Da ya juya baya, sai su bi layi suna reto a jikin kwando kamar wanki a igiya, wai jiki ya miƙe. Ran nan uku suka rataya a tare, ƙarfen ya lanƙwashe, allon gilashin ya tarwatse a kansu. Auta ya leƙo daga ofis ya ce, "Kun ga ƙarfi? Da can wa ke iya fasa allo?"

Abin mamaki, ba su daina ci ba. Allura, da yake ba shi da tsawon da zai yi asara, shi ke gudun mutum biyar. Ya ƙwato, ya kutsa, ya jefa, ya dawo ya tare, ƙattin suna tsaye suna lallaɓa ƙashin bayansu. Da ƙyar ake tsira, amma ana tsira. Auta ya kira 'yan jarida ya ce, "Tun da na kawo sabon tsari, an cinye mu? To."

Ana cikin haka aka kawo mai fenti ya shafe ofis. Auta ya shigo ya tarar da mutum yana shafa silin, ƙafarsa a ƙasa, ba tsani ba kujera. Ya zagaya shi sau biyu yana kallo. Ya zaro tef, tef ya ƙare mutum bai ƙare ba.

"Bawan Allah, ajiye burushin nan. Arzikinka ya zo."

"Ranka ya daɗe, ban gama kusurwar can ba."

"Ka taɓa buga ƙwallon kwando?"

"Ko kallo ban taɓa ba. Gwiwata ma tana damuna."

"Ka taɓa jefa takarda a kwandon shara?"

"Na taɓa."

"Shi ke nan, ka iya. Sa hannu a nan."

Sai da Mai Fenti ya sa hannu Auta ya tuna da dokarsa. Bisa farashin inci, wannan mutum shi kaɗai ya cinye abin da hukuma ta bari. Dole a rage wani. Auta ya je gaban bango ya duba layukan alli, ya fara daga ƙasa, ai adalci ke nan.

Koci ya shigo ofis ba sallama. "Allura ka sallama?"

"Tef ya sallame shi."

"Wasan da zai kai mu zagayen ƙarshe saura kwana kaɗan! Wa zai kai wa dogayenka ƙwallo?"

"Su miƙa hannu su ɗauka, me aka yi musu tsawon?"

"Ni da kai wani ba shi da lafiya."

"Na lura kana yawan ihu. Ka je a duba jininka."

Allura bai yi faɗa ba. Ya kwashe takalmansa a jaka, ya leƙa ofis ya ce, "Manaja, na gode. Allah ya ƙara maka tsawon kwana, tun da shi ba a aunawa." Lokacin ba a rufe ƙofar sauya ƙungiya ba tukuna. Kafin ya kai bakin titi motar ƙungiyar wani kamfanin sabulu ta tsaya a gabansa, an ma buɗe masa ƙofa. Su ne kuwa za a kara da su a babban wasan.

Da yamma Yaya ta bugo waya daga inda take. "Na ji an ce ka sallami wani."

"Wani ɗan ƙarami ne, Yaya. Ba za ki ma lura ba."

"Ka dai zauna da Koci?"

"Yanzu ya fita daga ofis." Bai yi ƙarya ba.

Saura abu ɗaya ya cika masa buri, wato jama'a su gani da idonsu wa ke da ƙwaƙwalwar. Sai ya sanar cewa ranar babban wasan, da zarar an tashi, a tsakiyar fili, gaban 'yan kallo da kyamarori, shi da kansa zai yi awon ƙarshe. Abin da tef ya nuna a ranar shi ne albashin kowa na baɗi gaba ɗaya.

Koci ya dafe kai. "In dole sai ka auna su, auna su kafin wasa, don girman Allah."

"Kafin wasa wa ya ci? Hoto ya fi kyau bayan nasara."

"Ka san abin da za su yi kuwa?"

"Za su yi murna."

Ranar ta zo, zaure ya cika har matakala. Yaya ta dawo daga tafiya da safen nan, ta zauna a layin gaba da ƙawayenta, kowacce da mafici da jaka a cinya. Auta ya sha babban kwat, tef ɗin tela rataye a wuya, yana ɗaga wa mutanen da ba su gaishe shi ba hannu.

Alƙalin wasa ya jefa ƙwallo sama a fara. Falwaya ya bi ta da ido har ta je ta dawo, ƙafarsa ba ta bar ƙasa ba. Yaron da zai ci albashin shekara da ƙashin bayansa, ya yi tsalle saboda wa? Sauran ma haka. Suna tafiya a fili a miƙe, a hankali, kamar masu ɗauke da faranti cike da ƙwai. In ƙwallo ta faɗi ƙasa ba mai sunkuyawa, sai su kewaye ta suna kallon juna.

"Ɗauka mana!"

"Kai ɗauka, ka fi ni kusa da ƙasa."

Kafin su gama shawara wani abu ya wuce fiu ta tsakanin ƙafafunsu cikin rigar kamfanin sabulu, ƙwallo ta ɓace, allon maki ya motsa.

Wata ƙawar Yaya ta gyara tabarau. "Ƙawata, wancan ɗan guntun ba naku ba ne?"

Yaya ta juya a hankali tana neman Auta da ido. Shi kuwa ya ɗaga mata babban yatsa.

Koci ya nemi ɗan hutu don ya yi musu magana. Da aka busa usur, maimakon su taru a gabansa, sai duk suka kwanta reran a ƙasa, suka miƙe ƙafa, wai bayansu ya huta. Dattijo ya tsaya a kansu yana zagi kamar mai wa'azi a ɗakin marasa lafiya. 'Yan kallo suka fara dariya, na sama suna tambayar na ƙasa ko wani ya mutu.

Auta ya ruga wajen benci. "Saka Mai Fenti! Yanzu za su ga makamin."

"Saka shi da kanka," in ji Koci.

Mai Fenti ya shiga, rigar ta tsaya masa a cibiya. Zaure duk ya zuba masa ido, don tsawon kam abin kallo ne. Aka jefo masa ƙwallo, ya kare fuska da hannu biyu ya ce, "Wayyo!" ta bugi ƙirjinsa ta koma hannun Allura. Aka sake jefo masa, wannan karon ya cafe. Ya rungume ta ya taka a hankali har gindin kwando bai buga ta a ƙasa ko sau ɗaya ba, alƙali na ta busa usur yana binsa. Ya sa ta a ciki da hannu kamar mai ajiye kofi a kanta. Ashe kwandon ƙungiyarsu ne, makin na 'yan sabulu. Sannan ya tsaya ya ƙura wa allon ido, ya kankare gefensa da farce, ya ce wa alƙali, "Wanda ya yi muku fentin nan ya cuce ku."

Daga nan ba a sake jin usur ba saboda dariya. Wani daga sama ya yi ihu, "Manaja, a kawo musu katifa!" Wani ya ce, "Ai ta gida ce, kyauta ne!" Ƙawayen Yaya suka rufe baki da mafici, kafaɗu na rawa. Allura kuwa bai yi musu da mugunta ba, sai dai duk sanda ya wuce ta ƙarƙashin hammatar Falwaya yakan ce, "Sannu da tsawo, yayana."

Aka tashi wasa. Ratar makin ba ta faɗuwa a gaban yara. Kakar da ba wanda ya zata, a nan ta ƙare.

Kuna zaton Auta ya nemi ƙofar baya? Ina! Ya karɓi makirfo ya shiga tsakiyar fili yana warware tef. "Jama'a, kada kowa ya tashi! Yanzu za a yi abin da ya tara mu." 'Yan wasansa tuni sun sake kwanciya a layi, Falwaya na cewa, "Manaja, a auna mu a kwance, mun sha tsayuwa."

Sai mai kamfanin sabulu, wani ƙaton mutum mai fara'a, ya sauko ya karɓe makirfon daga hannunsa, ya rungumo kafaɗarsa. Ya ce, "Jama'a, shekara da shekaru muna neman zagayen ƙarshe ba mu samu ba. Bana mun samu, kuma ba kocinmu ba ne, ba ni ba ne. Ga wanda ya yi mana. Ya ba mu Allura kyauta, ya kuma kwantar mana da sauran. A tafa wa Manaja!"

Zaure ya ɗauka. Magoya bayan sabulu suka kwararo fili suka ɗaga Auta sama a kafaɗa suna zagayawa da shi suna rera, "Manaja! Manaja!" Kyamarori duk suka juyo kansa. Allah sarki, fuskar nan tasa ta cika da haske, har da 'yar ƙwalla. Abin da ya daɗe yana jira ke nan.

Da aka zo da shi ta gaban layin farko ya leƙo daga sama. "Yaya! Kin ji wa suke kira?"

"Na ji, Auta." Ta miƙe ta rataya jakarta. "Ka ce su wuce da kai ofishinsu, don namu na sa an canja makulli." Ta juya wajen Koci. "Malam, ka je ka tambayi yaron nan abin da zai karɓa ya dawo. Ka tashi waɗancan kuma, ka ce musu wanda na sake gani a kwance, a kamfani zai ƙare yana gwada katifa."

Masu ɗauke da Auta suka kai shi har bakin ƙofa. Nan suka hango Allura ya fito, suka sake shi gaba ɗaya suka ruga. Ya faɗo tim, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri. Ya tashi ya kakkaɓe kwat, ya ce wa mai gadi, "Ka ga ƙauna ko?" Mai gadi ya ce ya gani.

A ƙafa ya koma gida yana ɗingishi. Matarsa ta buɗe ƙofa ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Maigida, kun ci?"

"Yarona ya ci," in ji Auta, yana zama yana cire takalmin da ya rage. "Ni na ga ba a san darajarsa a nan ba, na ɗauke shi da hannuna na kai shi inda zai haskaka. Gobe ki sayi jarida."

Ta ajiye masa abinci, ya cinye tas ya nemi ƙari. Irin su Auta hawan jini ba ya kama su. Na kusa da su yake kamawa.